Abin da Na Faɗa wa Inna a Hanyar Gumel

Jiya jikata ta jiƙa kaba a tsakar gida, ƙamshin ya shigo mini har zaure. Tun daga nan na rasa sukuni.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, don haka yadda abin ya faru zan gaya maka. Lokacin ko jirgin ƙasa bai iso Gagarawa ba, ina ɗan shekara takwas ko tara. Aka yi wa kawuna haihuwa a Gumel, muka tashi daga ƙauyenmu na kusa da Ɗanzomo za mu suna, a ƙasa. Da bazara ne. Yashi ya yi zafi, kana taka shi kana ɗaga ƙafa kamar kaza. Baba da maza sun yi gaba, aka bar mu da mata.

A cikinsu akwai matar maƙwabcinmu, muna ce mata Gwaggo. Ban taɓa ganin mace irinta ba. Ƙwaryar fura a ka, ba ta riƙe ba. Goyo a baya. Igiyar akuya ɗaure a ƙugu, kaba a hammata, yatsunta suna ta saƙa ba ta ko kallonsu. A haka take ba da labari, a haka take tsawata wa 'yan biyunta. Ɗaya ya taka ƙaya, ta durƙusa ta cire masa, ko ɗigon fura bai zuba ba.

Inna kuwa tana can baya da 'yar ƙwarya ɗaya, duk inuwar da ta gani sai ta tsaya. Ita ma tana kallon Gwaggo, har ta ce, "Ke kam, Yaya, hannu goma Allah ya ba ki."

Sai bakina ya buɗe. Na ce, "Da ma Gwaggo ce ta haife ni. Ke ko tafiyar ma ba ki iya ba."

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana a gaban mutane. Ba ta dube ni ba. Sai ta dubi Gwaggo, ta ce, "Yaya, gaya wa wancan gaskiya ya faɗa."

Gwaggo ta murɗe mini kunne da hannun da take saƙar. "Ɗan banza mai bakin reza! Ka san abin da take ɗauke da shi?"

Ban sani ba. Ciki ne da Inna, mai laulayi, ko ruwa ba ya zama mata. Da kaka ta rasu wajen haihuwar, ita da abin da ke cikin.

Wata shida muna gida ɗaya bayan tafiyar nan. Kullum tana tura ƙanwata ta miƙo mini tuwo, kullum ina ci. Na dinga ce wa kaina ai ɗan fari ba ya zama da uwarsa su yi hira. Ƙarya nake. Na dai sami wurin ɓuya ne.

Yanzu zamani ya sauya. Babban ɗana yakan zauna kan tabarma ɗaya da uwarsa, in ya ɓata mata rai ya ce ta yafe masa, ta ambaci sunansa ta ce ta yafe. Abokaina a bakin masallaci suna cewa kunya ta ƙare, duniya ta lalace. In suka juyo suka ce, "Ko ba haka ba, Malam?" sai in tashi in ce zan je in ba jaki ruwa.