Farar Motar Amare da Na Sayo a Gwanjon Intanet

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, akwai wata safiyar Juma'a da na san ba za ta fita ba. Ita ce ranar da na zauna a kujerar baya ta wata tsohuwar mota da na sayo daga Amurka, muna gangarawa a kan titin Nima, birki ya ƙi ci.

Sana'ata ƙawata wajen biki. A Maamobi aka haife ni, nan nake zaune har yau, kuma da wuya a sami gidan da ya aurar da 'ya a unguwarmu bai zauna a kan kujeruna ba. Na iya aikina, ba na jin nauyin faɗin haka. Sai dai a shekarun nan masu sana'ar sun yi yawa a Accra, duk yarinyar da ta sayi labule da furen roba sai ta ce ita ma ta shigo. Ni kuwa ina neman abin da babu mai shi. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne motar ɗaukar amarya, ba manyan jif ɗin da kowa ke haya ba, tsohuwa ta zamanin iyayenmu mai buɗaɗɗen sama, irin wadda masu kuɗin Turai ke tarawa don sha'awa.

Yayana shi ne ya san hanya. Aikinsa ke nan shigo da motocin da suka yi haɗari a Amurka. A can idan kamfanin inshora ya ga gyaran mota ya fi darajarta, sai ya sallami mai ita, a yi wa takardunta tambarin cewa ta tashi daga aiki, a zuba ta a gwanjon intanet. Yaya yakan sayi ƙanana na yau da kullum, waɗanda kayan gyaransu ke jibge a Abossey Okai, ya gyara ya sayar. Wata rana bayan la'asar ina shagonsa, muna duba hotuna a kwamfuta, sai ga ta. Ƙirar Jamus ce ta shekarun saba'in, fara, kujerunta jar fata. An rubuta cewa gabanta kawai ya bugu, kuma haka hotunan suka nuna: fitila ɗaya ta fashe, hancin ya ɗan lotsa.

Yaya bai yi murna kamar yadda na yi ba. Ya ce shi bai san kan tsofaffin motoci ba, kuma babu hoto ko ɗaya da ya nuna ƙarƙashinta. Ya ƙara da cewa kayan gwanjo ba a mayar da su, yadda ka saya haka za ka rungume. Na ce masa ai haka yake sayen nasa kullum, kuma ban ga ya rame ba. Ranar gwanjon muka zauna tare. Akwai wani daga wata ƙasa da ya nace mata, ina ƙarawa yana ƙarawa, har na wuce inda na yanke wa kaina. Da allon ya nuna ni na ci, sai da na tashi na taka rawa a tsakiyar shagon.

Da ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, kwastan suka ɗora mata tarar tsufa a kan kuɗin fito. Na biya ban yi ƙorafi ba, don an riga an gaya mini. Abin da ba a gaya mini ba shi ne warin da ya buge mu da aka buɗe ƙofarta, irin na tabarmar da ta jiƙe aka naɗe ta ba ta bushe ba. Muka ce zaman kwantena ne.

Muka kai ta wajen fita, kamar yadda muke kiran makanike a nan, wani dattijo da Yaya ya daɗe yana aiki da shi, kowa Masta yake ce masa. Ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya fito yana murmushi, ya ce cikinta baƙi wul, sumul, kamar jiya aka ƙera ta. Ya sake mata mai da takalman birki, inji ya tashi. Fitilar nan guda ita ta ba mu wahala, an zagaye Abossey Okai kaf ba a samu ba, sai daga Jamus aka aiko bayan watanni. Da aka gama fenti aka fito da ita rana, har masu trotro, ƙananan bas ɗinmu na haya, suna rage gudu suna kallo.

Wadda ta fara kama hayarta ita ce wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Nima, ƙawar mahaifiyata, za ta aurar da autarta ranar Lahadi. Kafin mako ya zagayo duk kasuwa ta ji cewa 'yar Hajiya za ta shiga motar da ba a taɓa ɗaukar amarya da irinta ba a Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa.

Ina da wata al'ada a aikina: ba na ɗora amarya a kan kujerar da ban fara zama a kai ba. Don haka ranar Juma'a da hantsi na ce wa Yaya ya zo mu bi hanyar da za a bi ranar bikin, tun daga gidan amarya har wajen taro. Kafin ranar, a filin garejin Masta kawai aka yi ta zagayawa da ita, wuri shimfiɗaɗɗe. Yaya ya kama sitiyari, ni na hakimce a baya inda amarya za ta zauna, iska tana kaɗa mini gyale, mutane suna ɗaga mana hannu.

Muna hawa babban titi muka kama gangaren da ke sauka wajen babbar kwata, sai na ga ƙafar Yaya tana dukan birki, tana sake duka. Motar kuwa ƙara gudu take yi. Bai waiwayo ba, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Riƙe kujera da kyau. Babu birki."

A gabanmu trotro ce tsaye tana sauke fasinja, ga mata masu koko da ƙosai a bakin hanya, ga masu tsallakawa da kaya a kai. Ya ja birkin hannu, muka ji wani abu ya tsinke a ƙarƙashi, sandar ta taho masa a sake. Ni dai salati kawai nake yi. Ya danna hon bai ɗaga ba, ya tura giya zuwa ƙasa da ƙarfi har injin ya yi kururuwa, sannan ya karkata ya manna gefen motar da dakalin siminti na bakin titi. Ƙarar gogar ƙarfen nan har yau ina jin ta a haƙorana. Gudu ya ragu, amma ba ta tsaya ba. Allah ya sa akwai tarin yashi a ƙofar wani gida da ake gini, Yaya ya saita ta ya cusa hancinta ciki. Goshina ya bugi bayan kujerarsa, muka tsaya. Tsakaninmu da teburin wata mai ƙosai bai fi a miƙa hannu ba. Matar tana riƙe da matsami, ba ta ko motsa ba.

Babu wanda ya ji ciwo sai ƙulun da ya fito mini a goshi. Aka jawo motar zuwa gareji, Masta ya ɗaga ta, ya sa ƙarfe ya kankare baƙin fentin nan da ya burge mu duka. Abin da ke bayansa tsatsa ce ja, tana zubowa kamar garin barkono. Bututun man birki ya rube ya fashe, ƙashin motar kuwa akwai inda ya tura yatsa ya shige. Ya ɗanɗana ƙurar da ya tono daga wani lungu ya tofar, ya ce da Hausarsa ta Zongo, "Madam, motan nan ya sha ruwan teku." Ashe ambaliya ce ta taɓa cinye ta. Wani ya saye ta a can, ya wanke, ya fesa mata baƙi a ƙarƙashi, ya mayar da ita gwanjo da bugun gaba kawai a rubuce. Masta ya daɗe yana girgiza kai, don shi ma fentin ya rufe masa ido.

Daga nan kasuwa na nufa wajen Hajiya, ƙulu a goshi. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ta riga ta gaya wa duniya, ta tambaya ko ba za a sa sabon bututu a lallaɓa ba, tafiyar ai ba nisa. Na ce, "Hajiya, ko kyauta kika ce in ɗauki 'yarki a cikinta ba zan ɗauka ba. Amma motar za ta zo bikin, wannan na yi miki alkawari."

Haka aka yi. Masta ya buge inda ya lotsa, aka shafe gefen da ya goge, ranar Lahadi aka ɗoro ta a bayan babbar mota aka sauke a ƙofar wajen taro, aka tokare tayoyin, na lulluɓe ta da furanni. Amarya ta iso a motar kawunta lafiya lau, ta shiga farar motar ita da ango aka yi ta ɗaukar hoto. Har aka tashi mutane suna layi. Hajiya da kanta ta zauna a bayan sitiyari tana gyara ɗaurin kai.

Bayan bikin wani dillali ya same ni ya ce in sayar masa, zai yi mata walda ya sake fesa baƙi, yana da mai so. Na ce a'a, kuma a makon na sa Masta ya cire injin gaba ɗaya, don kada wata rana wani ya yi sha'awar tayar da ita. Har yanzu tana aiki a wurina, ana ɗaukar ta a kai ta biki a dawo da ita, amma ba ta sake taka titi da ƙafarta ba.

Ban daina kasada a sana'a ba, kuma ban ce kowa ya guji gwanjo ba, Yaya yana nan yana cin abincinsa a ciki. Abin da na koya shi ne hoto yana nuna abin da mai sayarwa ya ga dama ne kawai, kuma motar da masu ita suka yanke ƙauna da ita suna da dalilinsu ko ba su faɗa ba. In ba ka da wanda zai je ya kwanta a ƙarƙashinta ya kankara ya gani kafin ka saya, to ka saye ta don kallo, kada ka ɗora ran ɗan kowa a ciki.