Ranar da Ban Tsaya wa Bappa Lauya Ba

Ku da kuka san Bappa Lauya, yayan mahaifina, kun san ko gaisuwa ba ya amsawa kai tsaye. Ka ce, "Bappa, an tashi lafiya?" Sai ya gyara baƙar kwat ɗinsa, a zafin nan na Gombe fa, ya ce, "Ana kan bincike."

Matarsa Goggo Asabe ta taɓa tambayarsa ko miya ta yi daɗi. Ya lashe cokali ya ce, "Ba ni da hujjar cewa ba ta yi ba." Kwana uku ta yi tana ba shi gaya babu miya!

To, mutumin nan ne wai ya fito takarar majalisa, lokacin da kuɗin mai ya sa kowa rawar kai. Abokin hamayyarsa na raba gishiri da atamfa, shi kuwa ya hau benci a unguwar Kumbiya-Kumbiya yana bayanin tsarin mulki. Wata tsohuwa ta ɗaga murya: "Lauya, za ka ja mana famfo ko kuwa?"

"Inna, alkawarin da ba zan iya karewa a kotu ba, ba na ɗaukarsa."

"To kotun ta zaɓe ka!"

A ganina, kodayake ina iya yin kuskure, duk da haka yana da jama'a a unguwar Shamaki. Abin da ya rasa shi ne wakilin da zai tsaya a rumfar zaɓe ya ga ƙirga. Ni ya nema. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, sabon aikin gwamnati gare ni, har an fara maganar ba ni mota.

Na ce, "Bappa, ba wai na ƙi ba ne, amma ka san ma'aikaci..."

Ya ce, "Kai, ɗan jami'a! Na tsaya wa ɓarawon akuya gaban alƙali, ɗan ƙanena ya kasa tsaya mini gaban akwati?"

Ban je ba. Aka ƙirga babu wakilinmu, aka ce ya faɗi. Mutane suka ce ya kai ƙara, ya ce, "Da wane shaida?" Bai dube ni ba, bai kuma sake ta da maganar ba har ya rasu. Motar kuwa na samu.

Ranar ta'aziyya duk muka jeru a tabarma, masu gishiri da mai mota, muna cewa an yi rashin mai gaskiya.

Allah Ya jiƙanka, Bappa. Ranar da kowa zai nemi mai tsaya masa, Allah kada Ya bar ka kai kaɗai.