Rabin Hoton Auta

Injiniya muke ce masa, ko da yake bai taɓa gyara ko keke ba. Ɗakinsa ne na ƙarshe a barandar ofishinmu, mai sanyi kamar firji, inda babbar kwamfutar da ke riƙe da foldodin kowa take gurnani. Taurin kai gare shi. Na sha yin faɗa da shi a kan firinta, kuma har gobe ni ce mai gaskiya.

Shi ya kafa mana wata ƙa'ida: duk wanda zai fita aikin daji, kwamfutarsa za ta tafi da kwafin foldarsa, ya yi aiki ko babu netwok. Ranar da ya dawo, da ya shigo harabar ofis, abin da ya yi sai ya zubo cikin babbar da kansa. Saboda ƙaninsa Auta ne ya fara yin haka, mai awon filaye, wanda shi ya raine shi ya kuma kawo shi aikin.

Bara da damina Auta ya fita awo bai dawo ba. An ga motarsa a bakin gada, babu shi, babu jakar kwamfutarsa. Aka yi addu'a aka watse. Injiniya kuwa kullum da safe sai ya buɗe foldar Auta ya zuba mata ido, shayinsa yana hucewa.

Sai ga sabon manaja, ya ce a soke ƙa'idar ga kowa, wai takardun ofis suna yawo a gari.

"Yallaɓai, a bar mini mutum ɗaya," in ji Injiniya.

"Wanda ba ya nan? Haba dai. Ka rufe yau."

Na raka Injiniya ɗakinsa, don tausayinsa ya kama ni. Tsakar rana ce, ana jin mai shara yana jan bokiti a baranda. Ya danna wurin rufewa. Kafin saitin ya gama kamawa, sai ga sabon hoto yana shigowa foldar Auta, yana buɗewa daga sama a hankali. Ya kai hannu zai fasa, amma ina, aikin gama ya gama. Hoton ya tsaya a rabi, ƙasansa toka-toka.

Ƙofar ofishinmu ce, an ɗauke ta daga waje, da koren fentin da aka shafa mata a makon nan.

"Injiniya, daga ina wannan?"

"Ba ya zuwa sai an iso haraba," ya ce, ya fita a guje ko takalmi babu.

Mai gadi ya rantse bai ga kowa ba. Ƙasar bakin ƙofar dai a jiƙe take, alhali rabonmu da ruwa an daɗe.

A ranar Injiniya ya mayar da ƙa'idar, manaja kuma ya ƙyale shi. Foldar tana nan a buɗe, ba abin da ya ƙara shigowa. Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganar, yana kallon allon.

"Ya zo har ƙofa," ya ce. "Ni na rufe."