Yaya Karimatu da 'Ya'yan Farin da Ba a Faɗa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Yuli, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Karimatu Badaru a Gaya, bayan jinyar kwana huɗu.

Yaya Karimatu, shekara goma sha ɗaya muna shiga gida-gida tare, muna ƙidayar yara kafin rabon maganin zazzaɓin damina. Na tuna da aka kai mu bita Kano, wani malami ya yini yana juya wata doguwar kalmar Turanci kan yanayin al'umma. A mota kika fassara mana ita a taƙaice: «Sanin yara nawa ne, tsofaffi nawa, kuma wa aka manta.»

Ke kika san waɗanda ake mantawa. A Gafasa mun tambayi wata matashiya, Larai, yawan 'ya'yanta, ta ce biyu, alhali ga uku suna wasa a gindin turmi. Ni har na rubuta. Kika taɓa ni, kika tambaye ta a hankali: «Ban da na Goggo ko?» Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Kunyar ɗan fari ce, ba za ta lissafa shi da bakinta ba. Kika tsokane ta har ta yi dariya, yaron ya shiga takarda, ya sami maganinsa.

Makon jiya na koma Kademi ba ke. Na yi irin tambayar da kike yi, kalma ba ta canza ba, amma matan suka dube ni kawai. Ke suka saba wa, ni baƙuwa ce mai biro. Lissafina ya gaza na bara da yara talatin da ɗaya, kuma na san ba ƙaura suka yi ba. Da wannan lissafin za a aiko da magani. Ga ruwa ya zauna, sauro ya yi yawa, ban san ƙofar da zan koma in buga ba. Wallahi na rasa yadda zan yi, Yaya.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Abdulmumin da 'ya'yanki. Allah Ya ba Inna Hanne haƙuri, mahaifiyarki, wadda ke ce 'yarta ta fari. Da na durƙusa gaishe ta, cewa kawai ta yi, «Yarinyar nan ta riga ni.» Har yau ba ta faɗi sunanki ba.

Hamdiyya Da'u, Ajingi