Ana Gobe Suna

Har in bar aikin nan ba zan manta da wata safiyar Laraba ba, lokacin ina ma'aikaciyar jinya a ɗakin jarirai na wani asibiti a Dutse. Aka kawo jaririya 'yar kwana shida daga wani ƙauyen Buji, ana gobe sunanta. Da na warware zanin da aka naɗe ta sai da na ja da baya. Fatar kumatunta da wuyanta ta saɓule, jajur, kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

Ƙa'idarmu, kafin likita ya iso, mu tambayi abin da aka ba yaro da abin da aka shafa masa. Kakarta ta wajen uba, matar wani malami, ta rantse ban da ruwan wanka babu abin da ya taɓa jikarta. Uwar kuwa, Rukayya, fara sol, ta sunkuyar da kai. Na lura gaɓoɓin yatsunta baƙaƙe ne ƙirin, sai na roƙi kakar ta je ta karɓo kati.

Tana fita Rukayya ta zaro wata 'yar roba marar suna. Haɗin man bilicin ne, mai cin fata a hankali. Ta ce tun kafin aure take shafawa, dangin miji duk sun ɗauka farin nata na haihuwa ne. "Anti, gobe mata za su cika gida, su ce ina na samo baƙar yarinya. Kwana uku kawai na shafa mata."

Tun kafin ta buɗe robar na gane ƙamshin, domin irinta ce a jakata, wata biyu ina shafawa a ɓoye.

Likita ya ce an yi sa'a ciwon bai shiga jini ba, ya ba su gado. Aka raɗa suna a gida, ba uwa ba jaririya. Ranar sallama na zauna ina yi wa Rukayya nasiha cewa man kaɗanya zalla ya ishe su, ta kuma riƙa kare yarinyar daga zafin rana. Ta saurara tsaf, idonta a kan yatsuna, sannan ta ce, "Anti, ke ma kaɗanyar kike shafawa?"

Kunya ta rufe ni, don tawa robar tana jakata har lokacin. A gabanta na ciro ta na jefa a kwandon shara.

Shi ya sa nake faɗa muku, ku masu tasowa: kada ku nemi gaskiya wurin uwa surukarta na tsaye. Kuma kafin ku buɗe baki da nasiha, ku sani majinyaci ya riga ya dubi hannunku.