Tsaron Akushin Inna

Inna ta tsallake babbar yunwar nan da ta girgiza ƙasar Gumel, ko kumatunta bai faɗa ba. Sai da rumbuna suka sake cika, gero ya yi yawa har kaji suna yi masa yanga, sannan ta ga lokacin ramewa ya yi. Baba ya rasu a lokacin kaka. Ta yi takaba, ta fita, amma cikinta ya ƙi fita. Ni ina can hanyar Maigatari ina ɗauko kanwa a jakuna, na dawo garinmu Sule Tankarkar na tarar uwata ta koma karan dawa an ɗaura masa zani. Munduwar hannunta, wadda a da sai an shafa man shanu take fita, yanzu takan yi tafiya har hammata ta dawo.

Matata ta ja ni gefe ta ce, "Malam, loma uku take yi ta ture akushi. In aka tafi a haka, wallahi sai dai mu yi wani zaman makokin."

Da yake Allah ya hore mini basirar da ta fi ƙarfin ƙauye, nan take na gano abincin ne bai kai ba. Na tafi kasuwar Gumel na kwaso zuma, dabino, man shanu, ƙwan zabi da kan rago. Matata ta shiga dama kunun gyaɗa mai kauri, tana tuƙa tuwo mai laushi saboda haƙoran Inna huɗu suka rage, su ma ba sa ga maciji da juna. Akushi ya riƙa shiga ɗaki a cike yana fitowa a suɗe. Na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

Sai dai Inna ba ta daina ramewa ba. Unguwa ce ta yi ƙiba. Ban taɓa sanin uwata tana da masoya haka ba: mata sai su yi sallama daidai lokacin da aka sauke tukunya, su shiga dubiya da fuskar tausayi, su fito leɓe yana ƙyalli. Wata maƙwabciyarmu har wuyanta ya yi ninki. Inna kuwa ba ta iya ganin baƙo ta ƙi tura masa abin da ke gabanta.

A nan na fito da basira ta biyu. Na shimfiɗa buzu a bakin ƙofarta, na ajiye sanda, na ce daga yau ba mai dubiya, kuma ba zan tashi ba sai na ga ta cinye da idona.

To, ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa tauna ko ƙwayar gyaɗa a gabana ba. Kowa a garin ya san uwa tana kunyar ɗan fari, har jakunan nan nawa sun sani. Ni kaɗai na manta. Don in ƙara gyara lamarin, sai na sa matata, surukarta, ta durƙusa a ɗaya gefen tana riƙe da ludayi.

"Inna, ki daure ki ci."

Ta juya fuska bango, ta ce da matata, "Ki ce wa wancan na ƙoshi."

"Inna, ai ga ni, ina ji."

"Ki ce masa na ji yana ji."

Kwana uku muna haka, ruwa kawai take kurɓa. Matata ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Da can loma uku ce. Da ka kawo ɗauki, ga shi mun koma babu." A rana ta huɗu Inna ta yunƙura za ta yi azahar, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, ta yi salla a zaune. A ranar ban yi wa kowa barkwanci ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Washegari da hantsi wata tsohuwar Bafillatana mai tallar nono ta shigo daga rugar bayan gari. Na ɗaga sanda na ce an hana dubiya. Ta kalle ni, ta kalli sandar, ta wuce kamar ta ga turke. Mu Mangawa ne, jinin Barebari, kuma tsakaninmu da Fulani wasa ne tun kaka da kakanni, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi.

Ta sauke ƙwarya ta ce, "Ashe baiwata ce za ta mutu ba ta nemi izinina ba?"

Inna, wadda muryarta ta shige tun jiya, ta ce, "Wa ya bar 'yar daji ta shigo mini ɗaki?"

"Allah sarki, Barebari an ƙare. Wannan zumar fa? Ai ɓarna ce a bakinki." Ta dama fura da nononta, ta kwarara zumata da man shanuna ba ko bismillar neman izini, ta kai ludayi baki. Sannan ta waiwayo ta ce, "Kai kuma ɗan fari, me ka tsaya yi kamar dogari? Wace uwa ce za ta ci kana zare mata ido? Fita, ka tafi da matarka."

Muka fita muka laɓe bayan danga. Na ji Inna tana cewa, "Ajiye ludayin nan, mayya, za ki shanye wa mutane zuma." Sai kuma ƙarar ludayi biyu suna karo a ƙwarya ɗaya. Ban taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba.

Daga ranar tsohuwar take zuwa kullum. Matata takan zuba na mutum biyu a ƙwarya guda, kaɗan da hantsi, kaɗan da azahar, wani da la'asar, ta ajiye ta gudu. Inna tana ci don kada Bafillatana ta fi ta, tana zagi tana haɗiya. Ni kuwa aikin da aka ga ya dace da basirata shi ne in kawo cefane in ɓace.

Bayan wata biyu tsohuwar ta yi kwana biyu ba ta zo ba, aka ce zazzaɓi ne. Da safe sai ga Inna a tsakar gida, ta ɗora ƙwaryar kunu a ka, ta yafa mayafi. Matata ta ce, "Inna, ina zuwa?"

"Ruga. Zan je in ga ko ta mutu."

Na ce bari in raka ta. Ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ki ce wa wancan ya zauna, so nake ta sha."