Ɗamarar da Na Ɗaura wa Zauren Baba

Har yau idan na ga matashi ya buɗe kwamfuta yana jujjuya hoton gida, yana ce wa mai gini "kalli nan, Alhaji," sai in ji haushi ya kama ni. Na san cutar sarai. Na yi ta, kuma tawa ta fi tasu muni, tunda a gidanmu na gwada.

A lokacin ina da ɗan shago a Talata Mafara, ina zana wa mutane taswirar gini. Manhajar da nake aiki da ita tana da wani ado na bango, siririn tudu mai lanƙwasa da ke zagaye ɗaki kamar ɗamara. Ka zaɓi siffa, ka danna bango, shi ke nan ta zagaye. Ko tsayinta daga ƙasa ba sai ka wahalar da kanka ba, manhaja ta riga ta yanke maka, daidai tsayin bayan kujera. Ni kuwa na mace a kan abin nan. Duk gidan da na zana sai na ɗaura masa, an tambaya ko ba a tambaya ba. Da akurkin kaji aka kawo mini, da shi ma ya samu rabonsa.

Shekarar da damina ta ci rabin zauren babanmu a Birnin Tudu, ni da yayyena muka ce a rushe a yi na bulo. Tun ina rarrafe tsofaffin unguwa a zauren nan suke taruwa bayan la'asar, a shimfiɗa tabarmi, kowa ya jingina da bango a wurinsa. Nan ake sasanta rikicin iyakar gona, nan ake raba goron aure. Baba ba shi da sarauta, ba shi da dukiya. Wannan taron shi ne girmansa duka.

Na zana zaure, na zuba masa ɗamara ta zagaye ciki kaf, na jera kujeru a hoton har da ɗan tebur. Yayyena suka yi ta jinjina kai kamar sun gane wani abu. Kujeru fa! A zauren da tunda aka haife ni ban taɓa ganin ƙafar kujera ta taka ba.

Maginin da aka ɗauko dattijo ne daga Kaya, ta wajen Maradun. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya auna da hannunsa daga ƙasa.

"Ɗana, wanga tudu a nan kake son shi?"

"A nan, Baba."

"Ka taɓa zama cikin zaure kuwa?"

Na yi masa irin murmushin da ɗan boko ke yi wa wanda ya raina. Na ce ya bi takarda kawai, kwamfuta ta riga ta auna. Ya ce to. Ya kwaɓa siminti ya fitar da ɗamarar nan tsaf, bakinta da kaifi, yadda na zana ba ragi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ranar da aka koma zauren ina nan, ina baza babbar riga ina jiran yabo. Na kuwa samu, tsofaffi suka yi ta Masha Allah. Aka zauna. Ladanin unguwa ne ya fara jingina, ɗamara ta same shi daidai ƙeya, hularsa ta zamo ta rufe masa ido. Ya gyara ta. Na kusa da shi ya gwada, ya ɗago da sauri yana shafa kai. Ba wanda ya kushe, don ba a kushe wa mutum sabon gini a gabansa. Haka suka yi hirar ranar a duƙe kamar masu tsintar shinkafa, ni kuma gogan naku na koma Mafara ina ba da labarin yadda na burge ƙauye.

Sai bayan girbi na sake leƙawa gida. Na tarar da Baba shi kaɗai a tsakiyar zaure, da rediyonsa. Ashe ɗaya bayan ɗaya tsofaffin suka zame, wannan ciwon baya, wancan zafi. Duk sun koma ƙofar gidan mai injin niƙa da ke tsallaken hanya, inda akwai inuwar dalbejiya da bango sumul, ba adon kowa. Mutumin da in yana magana sai ka ɗauka injin nasa ne bai kashe ba, yau shi ne mai majalisa. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari na ɗauko guduma da kurfi na farfashe ɗamarar da hannuna, na sa aka shafe wurin. Wuni ɗaya ya isa. Na ce wa Baba an gyara, ya aika a gaya musu.

Ya dubi bangon, ya ce, "Allah shi yi maka albarka. Amma mutumin nan ya sayi sabbin tabarmi saboda su. Da wane ido za su tashi su bar mishi?"

Da aka idar da la'asar ya zauna ɗan jim yana kallon ƙofa. Sai ya naɗe buzunsa ya saɓa, ya tsallaka hanya a hankali. Ina tsaye ina kallo ya yi sallama, aka amsa, aka ɗan matsa masa a can bakin tabarma, inda bango ya ƙare.